KATIN GADO DA KATANGAR MARAYU BIYU

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Wata baiwar Allah ta turo min hoto ta saƙo, ta ce: "Malam, a bidiyo na gani. Matar ta ce duk wanda katin nan ya fito masa, dukiyar gado na nan tafe gare shi. Mu kuma shekara shida kenan da rasuwar mahaifinmu, har yau ba a raba mana gida ba. Don Allah wannan alama ce?"

Na tsaya na duba hoton. Wani tsoho ne mai farin gemu zaune a ƙofar babban gida, karnuka biyu a gabansa, ga miji da mata a tsaye, ga ƙaramin yaro, sai tsabar kuɗi goma a warwatse kan zanen. Ɗaya ne daga cikin katuna 78 na kartar duba da Turawa ke kira tarot. Masu duban suna cewa katin yana nufin gado, arzikin gida da ɗorewar zuri'a. In kuma ya fito a juye, sai su ce rikicin gado ne ko karayar arziki.

'Yar uwa, bari in fara gaya miki asalin abin. A ƙarni na 15 aka san wannan karta a arewacin Italiya, a birane irin su Milan da Ferrara, kuma wasa ake yi da ita. Sai a ƙarshen ƙarni na 18 wasu a Faransa suka mayar da ita kayan duba. A 1781 wani mai suna Court de Gébelin ya rubuta cewa wai sirrin Misirawan farko ne a cikinta, ba tare da wata hujja ba. Shi kuwa tsohon nan mai karnuka, wata mai zane ce, Pamela Colman Smith, ta zana shi, aka buga a Landan a 1909. A tsohuwar kartar Faransa kuɗi goma ne kawai a jere, babu tsoho, babu kare. To ta yaya zanen da aka yi a Landan zai san halin gidanku?

Hukuncin kuwa a fili yake. Ƙarshen Suratu Luƙman ya tabbatar mana babu ran da ya san abin da zai samu gobe. A Sahihu Muslim an ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ba har kwana arba'in. Da mai bugun ƙasa a zaure da mai juya kati a waya, sana'arsu ɗaya, ƙasar ce kawai ta koma takarda. Kar ki ce ai kallo kawai kike yi. Da kallo ne kawai, da zuciyarki ba ta rataya ba har kika tambaye ni ko alama ce. Ki tuba, ki daina bibiyar shafin.

Amma wallahi abin da ya fi taɓa ni a saƙon nan shi ne shekara shidan. Ba son duba ne ya kai yarinyar nan wajen kati ba, an danne mata haƙƙi ne ta rasa inda za ta kai kuka. Allah bai bar rabon gado a hannun babban yaya ko baffa ba. Da kansa Ya raba shi a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. A biya bashi, a zartar da wasiyya wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sannan kowa ya karɓi nasa. Kai da kake zaune a gidan kana karɓar kuɗin haya kana cewa "ai raba gida raba zumunci ne", ka ji tsoron Allah. Ƙannenka mata suna can suna cin bashin kuɗin magani. In akwai marayu a ciki, aya ta 10 ta surar ta faɗa maka wuta ce kake zubawa a cikinka.

Shawarata gare ki: ki sami manyan gidanku cikin ladabi, ku nemi malamin da ya san ilimin rabon gado. In abin ya gagara, kotun shari'a na nan, kuma neman haƙƙi ba yanke zumunci ba ne.

Mu kuma iyaye da ke kwana da tunanin me za mu bar wa yara, mu koma Suratul Kahfi. Annabi Musa (AS) da Khidr sun shiga garin da aka hana su abinci, duk da haka Khidr ya gyara wata katanga da ke shirin faɗuwa. Ashe dukiyar marayu biyu ce a ƙarƙashinta, kuma ayar ta ambaci cewa mahaifinsu mutumin kirki ne. Uban yana kabari, Allah yana gadin dukiyar 'ya'yansa. Barin magada da wadata abu ne mai kyau, Annabi (SAW) ya nuna wa Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas haka. Sai dai ka tara halal, ka rubuta bashin da ake binka da wanda kake bi, ka koya wa yaranka sallah da tsoron cin haƙƙi.

Allah Ya ji ƙan mahaifin wannan baiwa, Ya fitar mata da haƙƙinta cikin sauƙi, Ya tsare mu daga shirka da cin gadon wani. Amin.