Karatun Lauya: Don Ramuwa Ko Don Adalci?

Kwanakin baya wani ɗalibina na ajin ƙarshe ya tare ni a gindin darbejiyar makaranta, ya ce, "Malam, karatun lauya nake so in yi." Sai na shiga lissafa masa hanya: kiredit biyar, har da Turanci da Adabin Turanci, sannan jarrabawar JAMB, sannan shekara 5 a jami'a, kamar sashen koyon shari'a na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo a Zariya, inda zai zaɓi dokokin zamani zalla ko kuwa haɗe da shari'ar Musulunci. Bayan nan sai shekara guda a Makarantar Horas da Lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda.

Da na tambaye shi dalili, sai ya sunkuyar da kai, ya ce, "So nake in ga an rataye waɗanda suka kashe Baba a gona."

Wanda duk ya zauna Birnin Gwari ba zai ga laifin yaron nan ba. Mun ga abin da ya faru a Gwaska a 2018, mun ga gonakin bakin dajin Kamuku sun koma kurmi saboda ba mai iya zuwa noma. A watan Nuwamba na 2024 aka yi sulhu, har Gwamna Uba Sani ya zo ya buɗe kara, kasuwar shanu da ta daɗe a rufe. To amma sulhu bai amsa wa maraya tambayarsa ba.

Duk da haka, ina ganin wanda ya shiga karatun shari'a da niyyar ramuwa ya ɓata hanya tun daga ƙofar gida. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta a saurari wanda ake tuhuma, a kuma ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar. A shari'ar Musulunci ma, mai ƙara shi ke kawo shaidu. Wannan ƙa'ida ita ce ta raba kotu da daji, domin a daji mai bindiga shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali. Kuma mu tuna, akwai makiyayan da aka kashe a kan zargi kawai, su ma sun bar marayu masu irin wannan zuciya.

Don haka na ce masa, "Ɗana, ranar da aka kawo maka wanda ake zargi da kisan, za ka iya zama ka ji ta bakinsa har ya gama? In za ka iya, je ka cike takarda." Bai ce mini komai ba. Bayan mako biyu sai ga shi da littafin Adabin Turanci a hammata, yana neman ƙarin darasi da yamma.

Allah Ya ba shi sa'a, Ya ba ƙasarmu alƙalai masu kunne biyu. Amin.