Kwance kaya kafin ka yanke hukunci

Mai karatu, in ka taɓa bin hanyar Bagudo zuwa Tsamiya, bakin iyakar mu da Jamhuriyar Benin, ka san yadda ake yi da babbar mota mai lulluɓe da tamfol. Ɗan kwastan na ƙwarai ba ya ce mata "wuce" don ta cika masa ido, ba ya kuma kama ta don bai san abin da ta ɗauko ba. Sai an kwance igiya an duba kayan buhu-buhu. To, haka ya kamata mu riƙa yi wa littafi mai tsauri, na falsafa ne ko na mazhabobin nazarin adabi da fim.

Mu dai yawanci kashi biyu mu ke. Wani da ya ci karo da shafi biyu masu wuya sai ya yar, ya ce ai shirme ne, ko ma kafirci. Wani kuma wuyar ce ke burge shi: tunda bai gane ba, lallai akwai zurfi, sai ya haddace manyan kalmomi ya riƙa jifar mutane da su a majalisa. Duk cikin su babu wanda ya yi karatu.

Dubi Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111. A 'Maƙasidul Falasifa' ya zayyana ra'ayin masana falsafa dalla-dalla ba tare da suka ba, a 'Tahafutul Falasifa' kuma ya ƙalubalance su a mas'aloli 20. Ibn Rushud na Andalus, da ya rasu a 1198, shi ma da zai mai da masa martani sai ya riƙa kawo maganar Gazali gaɓa-gaɓa, sannan ya amsa. Kowanne sai da ya iya faɗin hujjar abokin gardamar sa kafin ya rushe ta.

A gida ma an ga illar hadda ba fahimta. A zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo an yi wasu ɗalibai da su ka haddace hujjojin ilmin tauhidi, su ka shiga kafirta duk talakan da ya kasa jero su. Shehu ya yi ta rubutu ya na yi masu raddi. Ka ga kenan rashin iya karatu kan kai ga taɓa imanin bayin Allah.

Tsallaka iyaka kuma. Paulin Hountondji, masanin falsafa ɗan Benin da ya rasu a 2024, ya ɗauki littafin da wani fada ɗan Beljiyam, Placide Tempels, ya fitar a 1945 kan "falsafar" Bantu, littafin da 'yan boko da yawa a Afrika su ka yi na'am da shi. Tambayar da ya yi mai sauƙi ce: wa ke magana a nan, Bantu ko fada? Kuma ta yaya miliyoyin mutane za su zama masu tunani guda? An fassara littafin Hountondji zuwa Ingilishi a 1983.

To, ya za ka yi? Ɗauki salon makarantar zaure: layi-layi, ba gaggawa. Karanta sau biyu. Sannan rufe littafin ka faɗi ma'anar da Hausa, yadda ƙanen ka zai gane. In ta ƙi faɗuwa, da saura. Sai ka tambaya: da wa marubucin ya ke jayayya? Me ya ɗauka tabbas ne alhali bai kawo hujja ba? Daga nan gwada maganar a kan abin da ka sani, misali fim ɗin da ka kalla ko littafin Balaraba Ramat Yakubu da ka karanta. In an ce maka duk labarin soyayya gudun duniya ne, duba 'Alhaki Kwikwiyo Ne' ka gani ko haka ne.

Wani rubutun ya na da wuya ne don batun kan sa mai nauyi ne. Wani kuwa marubucin ne ya ɓoye ƙarancin hujja a bayan turanci. Ba za ka bambance su ba sai ka yi haƙurin kwancewa. Wanda ya saba da wannan, da wuya wani mai zaƙin baki, a littafi ko a waya, ya ja shi kamar raƙumi da akala.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.