Mukullai a Hannu, Ɗaki Ɗaya a Kulle

'Yar uwa, wai shin in aka danƙa miki mukullan gida kaf, aka ce ɗaki ɗaya ne dai ba za ki taka ba har abada, an girmama ki ne ko an rage miki?

Abin da ke gaban matan Katolika ke nan. A 1994 Paparoma John Paul na Biyu ya rubuta cewa coci ba ta da ikon naɗa mace fada, don manzanni 12 da Yesu ya zaɓa duk maza ne. Sai ga shi a 2025 Paparoma Francis ya ba Sista Raffaella Petrini ragamar mulkin birnin Batikan. 'Yan sanda, gidan waya, gidajen tarihi, duk suna ƙarƙashinta. Amma saurayin da aka naɗa fada jiya-jiya shi zai hau bagade, ita tana zaune a benci.

Wasu matansu sun ce ba komai, hidima ba gasa ba ce, ai Maryamu ma ba ta cikin 12 ɗin. Ban raina maganarsu ba. Ni dai abin da ya tsaya min a rai, ranar zaɓen sabon Paparoma a shekarar, kadinal 133 suka shiga aka ja ƙofa, babu mace ko ɗaya.