Mai Gadin Teku Da Ɗan Kallo: Me Ya Raba Su?



'Yan'uwa, yau tambaya ce na zo muku da ita. Mutum biyu suna bakin ruwa, idonsu a kan kwalekwale ɗaya da ke kifewa. Babu wanda ya jiƙa ko da yatsan ƙafarsa a cikinsu. Amma ɗaya za mu zarge shi, ɗaya kuma za mu yi masa godiya. To me ya raba su?

Abin da ya jawo tambayar wani labari ne daga Ingila. A shekarar 1994, a yankin Cornwall da ke kudu maso yammacin ƙasar, wasu masunta biyu sun nutse a teku kusa da wani tsauni da ake kira Bass Point. A saman tsaunin nan akwai ɗakin gadi na jami'an tsaron gaɓar teku, tagoginsa na fuskantar ruwan da mutanen suka mutu a ciki. Sai dai babu kowa a ɗakin. An rufe shi tun kafin nan, kamar yadda aka rufe irinsa da dama, saboda hukuma ta ga rediyo da na'urori sun wadatar, kuma ajiye mutum a kowane tsauni kashe kuɗi ne. Mutanen yankin abin ya yi musu ciwo. Suka tara kuɗi, suka gyara ɗakin, suka raba wa kansu lokutan zama. Daga nan aka samu ƙungiyar National Coastwatch Institution, wadda yanzu take da ɗakunan gadi kusan 60 a gaɓar Ingila da Wales, da 'yan sa-kai fiye da 2,000. Ba a biyan kowa ko sisi. Da yawansu 'yan fansho ne.

Aikin nasu in ka ji shi sai ka raina. Mutum ya zo ya zauna 'yan awoyi, ga madubin hangen nesa, ga rediyon oba-oba yana sauraren tasha ta 16, wadda jirage ke neman agaji a kanta, ga littafin rajista. Jirgi ya wuce, ya rubuta lokacin, da kamanninsa, da inda ya nufa. Iska ta sauya, ya rubuta. In ya ga abin da bai kwanta masa ba, ya kira jami'an tsaron teku ya faɗa musu daidai wurin, su kuma su tura jirgin ceto ko jirgi mai saukar ungulu. Shi ke nan. Ba ya shiga ruwa.

Ɗauki tashar jiragen ruwa ta Portsmouth, inda suke da ɗakin gadi a gefen Gosport yana kallon bakin tashar. Wurin sansanin sojan ruwan Birtaniya ne. Ta wannan matsattsiyar ƙofa manyan jiragen yaƙi suke wucewa, da jiragen fasinja masu zuwa Faransa da Sifaniya, da masu zuwa tsibirin Wight, ga kuma ƙananan jiragen 'yan shaƙatawa, waɗanda aka ware musu nasu layi a gefen yamma don kada a murƙushe su. In teku na janyewa, ruwan yakan fito ta ƙofar da ƙarfi. Babban jirgi yana da rediyo, yana da na'urar da ke nuna inda yake. Amma yaron da ya hau ɗan kwalekwalen roba iska ta ja shi fa? Dattijon da injinsa ya mutu a tsakiyar hanyar manyan jirage fa, wayarsa kuma ta jiƙe? Waɗannan babu allon kwamfutar da zai nuna su. In ba ido ya gan su ba, babu wanda ya san da su. Kuma mai nutsewa sau da yawa ba ya ihu irin na fim. A ruwan sanyi irin na can, minti na farko ma numfashinsa ba ya hannunsa, balle ya kira wani.

To mu koma kan tambayarmu. Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce: ai shi mai gadi ya kira waya, ɗan kallo bai kira ba. Gaskiya ne, amma ni a ganina bambancin ya riga kiran wayar. Ya fara ne tun da safe, lokacin da ruwa ke kwance lafiya lau. Ɗan kallo haɗarin ne ya jawo idonsa, shi ya sa kullum a makare yake gani. Mai gadi kuwa tun babu komai ya kai idonsa wurin, ya kuma ɗaure kansa da cewa duk abin da ya gani ya zama nasa. Ya sani sarai da ya zauna a gida babu mai tuhumarsa. Ya zaɓi ya je inda ba zai iya cewa "ban gani ba".

Wannan "ban gani ba" ɗin, mu duba ta da kyau, don dukanmu muna fakewa da ita. Asalinta uzuri ne ingantacce, ba a kama mutum da abin da bai sani ba. Amma akwai rashin gani na ƙaddara, akwai kuma rashin gani da mutum ya shirya wa kansa. Wanda ya rufe taga da hannunsa don kada abin da ke waje ya ɗora masa nauyi, uzurinsa ba ɗaya ba ne da na makaho. Ranar da masuntan nan suka nutse, kowa a garin zai iya rantsuwa bai gani ba, kuma bai yi ƙarya ba. Duk da haka zuciyarsu ba ta karɓi uzurin ba, domin sun san akwai wurin da ake gani, an dai bar shi ne babu kowa. Malaman fiƙihu suna da suna ga irin wannan nauyi, farali na kifaya: in wasu sun ɗauka ya sauka daga kan kowa, in kowa ya bari ya hau kan kowa. Abin da muke mantawa shi ne, kafin a kai ga ceton kansa, akwai nauyin ajiye wanda zai gani.

Kuma gani kaɗai bai isa ba. Kun san labarin jirgin Titanic da ya nutse a watan Afrilu na 1912, mutum fiye da 1,500 suka mutu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne akwai wani jirgi, Californian, yana tsaye a cikin ƙanƙara ba nisa sosai. Mai kula da rediyonsa mutum ɗaya ne, ya kashe na'ura ya kwanta. Jami'an da ke gadi a sama sun ga fararen rokoki suna tashi cikin dare. Sun gani da idonsu, sun yi maganar a tsakaninsu, sun aika wa kyaftin. Amma babu wanda ya je ya tashi mai rediyon ya ce kunna mu ji. Jirgin da ya kwashi mutum 700 da 'yan kai da suka tsira, wato Carpathia, daga nesa ya taho, don shi mai rediyonsa bai riga ya kwanta ba. Bayan wannan ne aka wajabta wa manyan jiragen fasinja sauraren rediyo dare da rana. Mutanen Californian suna kan aikin gadi, amma a daren nan 'yan kallo suka zama. Sun jira abin ya bayyana ƙarara kafin su motsa, alhali mai gadi aikinsa ke nan ya motsa a kan shakka, ya yarda a yi masa dariya in ya zama ba komai.

Nan ne wahalar take, wallahi. Mutum ya yi wata shida yana zuwa, bai ga komai ba sai jirage suna shiga suna fita. Zuciya ta fara raya masa cewa ɓata lokaci yake yi. Ranar da ya ga wani baƙin abu yana lilo a ruwa, sai ta ce masa ai itace ne, kada ka tashi mutane a banza. Jarumin da ya faɗa ruwa ya ciro yaro, minti biyar ya yi, gari ya ɗauka. Shi wannan babu mai ba da labarinsa, domin in aikinsa ya yi kyau, abin da za a ba da labari a kai ba ya ma faruwa.

Wani zai ce: Malam, ai wannan sauƙin hali ne, kana ɗaki mai ɗumi da kofin shayi, kana tura wasu su je su mutu. Maganar ba ta banza ba ce. A watan Disamba na 1981, a wannan yanki na Cornwall, jirgin ceto na Penlee ya fita cikin guguwa don ceton mutanen wani jirgin kaya, Union Star. 'Yan sa-kai takwas ne a ciki, babu wanda ya dawo. Ba zan daidaita wanda ya ba da ransa da wanda ya ba da yininsa ba. Sai dai a lura, mai ceto ba ya fita sai an faɗa masa, kuma kowane minti da aka rage masa na lalube a cikin igiyar ruwa, an rage masa haɗari ne shi ma. Sannan zaman mai gadi a kujerarsa ba tsoro ba ne. In ya bar taga ya ruga bakin ruwa, wa zai ci gaba da nuna wa jirgin ceto inda ruwa ya ja mutumin? Ka ga mutum yana nutsewa, jikinka na tsuma, amma ka tsaya kana faɗin lambobi a rediyo da murya a natse, wannan ma cin ƙarfin zuciya ne.

Akwai ƙorafi na biyu wanda ya fi damuna. In talakawa suka ɗauki aikin da hukuma ta ajiye, ba sun sauƙaƙa mata ajiyewar ba ke nan? Gobe sai ta rufe wani abin, ta san akwai masu zuciya da za su toshe. Wannan gaskiya ne, kuma ban ga hanyar kauce masa gaba ɗaya ba. Abin da zan iya cewa kawai, mutanen Cornwall ba zaɓi aka ba su tsakanin gadin hukuma da nasu ba. Zaɓin shi ne nasu, ko ɗaki babu kowa. Wanda ya ƙi zama don ya koya wa hukuma darasi, da ran wani masunci yake biyan kuɗin darasin. A zauna a tagar, a kuma ci gaba da matsa wa hukuma, bakin mutum ba ya rufuwa don ya riƙe madubi.

Ko doka ma ba ta yi ittifaƙi a kan wannan ba. A Ingila, a ƙa'ida, in ka ga baƙon da ba ka da alhakinsa yana nutsewa ka wuce, kotu ba ta kama ka. A Faransa, tsallaken ruwa kaɗan, ƙin taimaka wa wanda ke cikin haɗari laifi ne da zai iya kai mutum kurkuku, in dai taimakon ba zai jefa shi cikin haɗari ba. Ke nan waɗannan dattawan suna zaune ne a ƙasar da doka ta ba su izinin kau da kai. Kuma ba sa tambayar wane ne a ruwan. Mashayin da ya hau jirgi a buge, da matashin da aka gargaɗa ya ƙi ji, da masuncin da ya fita neman abincin 'ya'yansa, layi ɗaya kowannensu yake samu a littafin, kira ɗaya ake yi masa. In akwai faɗa, sai ya taka ƙasa tukuna.

Yawancin ɗakunan nan da rana kawai ake zama a cikinsu. In duhu ya shiga, na ƙarshe ya rubuta lokaci, ya sanar da jami'an tsaron teku cewa ya tashi, ya kulle ƙofa ya sauka. Jirage kuwa ba su daina wucewa ba.