Nasiha Ga Jama'ar Fataskum Kan Awon Ciki

Ya jama'ar Fataskum, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne jana'izar wata yarinya mai cikin fari da muka kai makwanci a unguwarmu, wadda ba ta fashin zuwa awo, amma da ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ciwon kai ya hana ta barci, sai aka ce mata abin auna jini ya lalace, aka shafa cikin, aka cika kati, aka ce ta komo wata mai zuwa. Kafin watan ya tsaya jijjiga ta kama ta da tsakar dare, ta rasu da abin da ke cikinta. Innalillahi!

An shafa ciki, an cika kati. Wannan shi ne awo? Masana sun tabbatar cewa jinin mai ciki idan ya kai 140 bisa 90 alamar haɗari ce, kuma gwajin fitsari yana tona cutar da ke kawo jijjigar tun ba ta yi ƙarfi ba. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da zuwa awo sau takwas maimakon huɗu, farawa cikin wata uku na farko. To, ina fa'idar takwas ɗin idan kowane zuwa shafa ciki ne da cika kati?

Ku ma'aikatan awo, ku ji tsoron Allah, amana kuka ɗauka, kuma sa hannu a kan abin da ba a auna ba shaidar zur ce. Ku kuma magidanta, laifinku ya fi ba ni haushi, domin na ga yadda ɗayanku yake wuni a kasuwar shanu ranar Laraba yana buɗe bakin sa, yana duban haƙori da kofato kafin ya sallama kuɗinsa, amma iyalinsa ta dawo daga awo bai tambaye ta ko an auna jininta, ko an ba ta ƙwayar ƙarin jini da Fansida ba. Alhali malamanmu na Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Halil, sun ɗora ladan ungozoma a wuyan miji. Iyaye mata kuwa, da kuka ga kumburin nan kuka ce ai na masu ciki ne, kunyar cikin fari ta hana yarinya magana, ku ma kuna da kamasho.

Kada wani ya ce mini ƙaddara. Mun yi imani da ita, amma Shari'a ba ta sauke wa mai sakaci alhaki ba. Yarinyar nan ta je, jama'a, da ƙafarta ta je!

Don Allah, duk wadda aka sallama ba a auna jininta ba, mijinta ya kai ta babban asibiti a ranar, kada ya bari sai gobe.