Tafiyar da Babu Masauki

A shekarar 1818 wani injiniya ɗan Ingila mai suna William Cubitt ya ƙera wa gidajen yari wata ƙatuwar ganga mai matakala a jikinta. Fursunoni su jeru a kai, su riƙe sanda, su yi ta takawa. Ganga tana juyawa, su kuwa suna nan inda suke. A wasu gidajen ƙarfin ƙafafunsu yana niƙa hatsi ko ya jawo ruwa, a wasu kuma babu abin da yake niƙawa sai iska. Waɗanda suka yi na'am da wannan horo sun fahimci wani abu game da ɗan Adam: gajiya ba ta kai rashin isa ciwo ba. Sai da dokar gidajen yari ta 1898 ta zo kafin aka kama hanyar daina shi.

Yau jikanyar wannan ganga tana kwance a ƙarƙashin teburan ma'aikata a Amurka da Turai, kuma da kuɗinsu suka saye ta. Injin tattaki ne siriri, ba shi da mariƙi, bel ɗinsa yana tafiya a hankali, kilomita biyu ko uku a awa. Mutum ya ɗaga tebur daidai ƙirjinsa, ƙafa tana tafiya, yatsu suna buga kwamfuta. Likitan nan James Levine na asibitin Mayo yana cikin waɗanda suka yayata dabarar tun wajen 2005, sannan zaman gida na annobar korona ya buɗe mata kasuwa.

Abu ne mai sauƙi a yi wa injin dariya, amma dariyar ba za ta daɗe ba. Tun 1953 Jeremy Morris ya wallafa bincikensa a kan ma'aikatan motocin bas masu hawa biyu na Landan, inda ya ga kwandastoci, masu wuni suna hawa da saukar matakala, ba sa kamuwa da ciwon zuciya kamar direbobin da ke wuni a zaune. Mota ɗaya, hanya ɗaya, bambancin kujera ce. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Wanda aikinsa ya ɗaure shi awa takwas ko tara a gaban allo, ga cunkoson hanya, ga hidimar iyali, idan ya sami hanyar motsa jininsa ba tare da ya rasa abincinsa ba, wa zai ga laifinsa? Jiki amana ne, kuma wanda ya kiyaye amana da abin da ya samu ya yi daidai.

Har hujjar da masu son falsafa suka fi dogara da ita, wato cewa tunani ba ya buɗewa sai an fita sarari, tana da rauni. A 2014 Marily Oppezzo da Daniel Schwartz na Jami'ar Stanford sun gwada ɗalibai, suka tarar masu tafiya sun fi masu zama kawo sababbin dabaru, ko da kuwa a kan inji suke tafiyar, suna fuskantar bango. Ashe ƙwaƙwalwa ba ta cika damuwa da ko akwai itatuwa a gefen hanya ba.

Saboda haka matsalar ba ta lafiya ba ce, ba kuma ta basira ba. Tambayar ita ce: lokacin da mutum yake tafiya, na wane ne?

A tsawon zamanin aikin ofis, tafiya ita ce ɗan abin da ya rage wa ma'aikaci. Idan ya miƙe zai je cin abinci, ko masallaci, ko ya taka zuwa tasha da yamma, aikin ba ya iya bin sa, domin tebur ba shi da ƙafa. A cikin waɗannan mintuna yakan gaisa da mai gadi, ya ga an rushe wani gini, ya tuna bai kira mahaifiyarsa ba. Babu ɗaya daga cikinsu da ke shiga rahoton ƙarshen wata, kuma darajarsu ke nan. Injin ƙarƙashin tebur ya zo ya raba tafiya gida biyu: ya ɗauki motsin tsoka ya miƙa wa jiki, ya ɗauki hankali ya mayar wa mai aiki. Abin da ya zubar a tsakani shi ne barin wurin. Hausawa da suka ce tafiya mabuɗin ilimi, har Abubakar Imam ya sa wa littafinsa wannan suna, ba ɗaga ƙafa da ajiyewa suke nufi ba. Suna nufin ka je inda ba ka sani ba, ka ga wanda ba kai ka zaɓi ganinsa ba.

Akwai kuma wata yarjejeniya da ake ƙullawa a ɓoye. Binciken Morris ya nuna cewa tsarin aikin ne yake cutarwa. Amsa ta gaskiya ga irin wannan sakamako ita ce a taɓa tsarin: a rage awoyi, a ba da hutu na haƙiƙa, a gina unguwannin da ƙafa za ta iya kai mutum kasuwa. Injin ya ba da wata amsa mai arha ga kowa ban da ma'aikaci. Awoyin suna nan yadda suke, sai dai shi ya sayi magani da albashinsa, ya sha a bakin aiki. Ranar da hawan jini ya kama abokin zamansa da bai saya ba, za a ce sakacinsa ne. Nauyin da ke wuyan ma'aikata da hukuma ya sauka a kan mutum ɗaya, kuma ya karɓa yana godiya.

Ba na cewa mai injin fursuna ne. Fursunan Cubitt ba shi da maɓallin kashewa, wannan kuwa yana da shi, kuma tazarar da ke tsakanin tilas da zaɓi ba ƙarama ba ce. Sai dai zaɓi yana da matakai. Wanda ya hau injin domin ana ruwa ko dusar ƙanƙara a waje, alhali gobe zai fita, ya ƙara wa kansa 'yanci. Wanda ya hau domin ya kai matsayin da minti ashirin na tafiya ba tare da amsa saƙo ba suke zame masa kamar sata, wannan ya rasa wani abu tun kafin a kawo masa injin cikin kwali. Daga waje su biyun kamarsu ɗaya, taku ɗaya, gumi ɗaya.

Mai karatu a Kano ko Zinder yana iya ganin wannan damuwar masu ƙoshi ce, kuma yana da hujja: mai garuwa da yarinya mai talla ba su rasa taku ba, hutu suka rasa, kuma a garin da wuta ba ta tsayawa sai an ƙona fetur a janareta kafin a yi tafiyar da ba ta zuwa ko'ina. Amma ajin masu wuni a zaune yana girma a nan ma, a bankuna, a kamfanonin waya, da ɗakunan matasa masu yi wa ƙasashen waje aiki ta intanet a kan agogon da ba na garinsu ba. Da yawansu suna da abin da ma'aikacin Landan ba shi da shi: kiran salla yana tashe su daga kujera da azahar da la'asar, su fita, su taka, su haɗa kafaɗa da wanda ba abokin aikinsu ba, waya tana aljihu a kashe. Takun ba shi da yawa, wataƙila agogon hannu ba zai yaba ba, amma tebur yana can a baya har su dawo.