Tayin Ƙarya: Daga Kasuwar Gujungu Zuwa Kasuwar Hannun Jari

Duk wanda ya taɓa neman ragon layya a Gujungu ko Maigatari ya san yadda ciniki yake tafiya. Mai saye ya taya, mai dabba ya ce albarka, dillali yana tsakani yana lallashin kowa har a kai ga sallama. Amma wani lokaci akan samu mutum na huɗu. Sai ya matso, ya shafa bayan ragon, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya ƙara dubu goma a kan tayin da aka yi. Ba shi da niyyar saye, wataƙila ko kuɗin mota babu a aljihunsa. An ajiye shi ne don mai saye na gaskiya ya ji tsoron kada a riga shi. Malaman fiƙihu suna kiran wannan najashi, kuma hadisi ya zo da hani a kansa tun kasuwar Madina.

Mun tuno da wannan mutum ne saboda wata tambaya da ta yawaita a bakin matasanmu na Ringim da Dutse, yanzu da ake sayen hannun jari da kuɗin kirifto ta waya: shin da gaske ana murɗa farashi, ko zargi ne irin na wanda ya yi asara?

Ana murɗawa, kuma ba sai mun je nesa neman hujja ba. A 2004 Babban Bankin Najeriya, a ƙarƙashin Charles Soludo, ya umarci kowane banki ya kai jarinsa naira biliyan 25. Bankuna 89 suka koma 25, suka bazama sayar wa jama'a hannun jari. Ma'aikatan gwamnati, 'yan fansho da 'yan kasuwa suka yi ta cike fom, don farashi kullum sama yake yi. A watan Maris na 2008 darajar kasuwar Legas ta haura naira tiriliyan 12. Bayan shekara guda ta faɗo ƙasa da tiriliyan 5. Rikicin tattalin arzikin duniya ya taimaka wajen faɗuwar, domin masu jari na ƙetare sun kwashe kuɗinsu. Sai dai da ruwa ya janye an ga abin da ke ƙasa. Bankuna sun yi ta ba da rance don a sayi hannun jari, har da nasu na kansu. A ranar 14 ga Agusta, 2009, sabon gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, aka zuba naira biliyan 420 don kada su durƙushe. A 2012 kuma wata babbar kotu a Landan ta yanke hukuncin cewa Erastus Akingbola, tsohon shugaban bankin Intercontinental, ya yi amfani da kuɗin bankin wajen sayen hannun jarin bankin ba bisa doka ba. Wato mai rago ne ya ɗauki kuɗin ajiyar mutane ya ba yaronsa ya je ya taya ragonsa.

Me ya sa mutum zai yi haka? Saboda farashi yana da aiki fiye da cinikin da aka ƙulla a kansa. Idan hannun jarin banki ya hau, bankin zai sayar da sababbi da tsada. Mai riƙe da shi zai ba da shi jingina ya karɓi rance mai yawa. Shugaba zai samu lada da suna. Kuma mutane, da suka ga abu yana hawa, sai su ɗauka akwai wanda ya san dalili. Kaɗan daga cikinmu ne za su iya zama su karanta rahoton kuɗi na kamfani. Mafi yawanmu farashi muke kallo, kamar yadda baƙo a kasuwa yake sauraron tayin wasu don ya san kimar kaya.

A nan tambayar ɗabi'a take. Mai kare wannan sana'a zai ce ba a sa wa kowa wuƙa a wuya ba. Kowa da hankalinsa ya saya, kuma kasuwa dama wani ya ci wani ya faɗi. Maganar tana da ƙarfi, amma ta tsallake abu guda. Tayi shaida ne. Duk wanda ya ce zai biya dubu ɗari ya shaida wa duk mai saurare cewa a wurinsa kayan sun kai dubu ɗari. Farashin da muke gani a allon waya tarin irin waɗannan shaidu ne daga dubban mutanen da ba su san juna ba. Mai najashi shaidar zur ya bayar, da lambobi maimakon rantsuwa. Yardar da aka gina a kan shaidar zur kuwa, ko alƙalin ƙauye ya san ba yarda ba ce. Ɓarnar ma ba ta tsaya kan wanda aka cuta ba. Bayan 2008 mutane da yawa sun ajiye takardun hannun jarinsu a ƙasan akwati, suka gargaɗi 'ya'yansu kada su kusanci harkar. Kamfani mai gaskiya da ya zo neman jari daga baya shi ma ya biya bashin da bai ci ba.

Kwamfuta ba ta kawar da mutumin nan na huɗu ba, sauri ta ƙara masa. Navinder Sarao, daga ɗakinsa a gidan iyayensa a Hounslow ta Landan, ya yi amfani da manhaja da ke jera manyan odar sayarwa a kasuwar Chicago, ta soke su kafin a cimma musu. Masu kallo su ga kamar kaya sun yi yawa, farashi ya sauka, shi kuma ya saya da araha. Hukumomin Amurka sun danganta aikinsa da faɗuwar bazata ta 6 ga Mayu, 2010, kuma ya amsa laifi a 2016. A 2020 bankin JPMorgan ya amince ya biya dala miliyan 920 kan irin wannan laifi. Mu da muke rubuta manhaja mun san umarnin "jera ka soke" bai fi layi kaɗan ba. Wanda ya rubuta shi alhali ya san abin da za a yi da shi ba zai fake da cewa shi ma'aikaci ne kawai ba, kamar yadda maƙerin da ya ƙera mudu mai ƙaramin ciki ba zai ce shi ƙarfe kawai ya buga ba.

Duk da haka, kada mu zarce mu ce kowane tashin farashi maguɗi ne. Manomin da ya zuba gero a rumbu da kaka ya jira damina ya sayar, haƙuri ya yi kuma ya ɗauki kasada, don farashi na iya faɗuwa, ƙwari na iya shiga. Attajirin da ya sayi hannun jari mai yawa don ya yarda da kamfanin zai ɗaga farashi, amma tayinsa gaskiya ne, kuɗinsa ya fita. Akwai kuma wuraren da layin yake da wuyar gani. A watan Fabrairu na 2024, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, 'yan kasuwar kuma suka musanta. Ajiya ce ko ɓoyewa? Ba a gane wannan daga yawan buhuna. Ana gane shi daga abin da mai kayan yake so jama'a su zata: in yana so a ɗauka babu alhali akwai, don yunwa ta tilasta farashi, ya shiga sahun mai najashi. Ma'aunin ɗaya ne a Dawanau da Legas da Chicago: abin da aikinka yake faɗa wa kasuwa, gaskiya ne ko ƙarya?

Saura namu kason. A zaurukan Telegram da WhatsApp kullum ana tallar wani sabon kuɗin kirifto da za a "tashe shi" ranar kaza. Da yawa daga masu shiga sun san babu komai a ƙarƙashinsa. Lissafinsu shi ne su shiga da wuri, su yayata, su fita kafin ya rushe. Wanda ya yi haka ba za a kira shi wanda aka yaudara ba, ko da a ƙarshe shi ma ya yi asara. Ya karɓi aikin mutum na huɗu ne ba tare da an ɗauke shi ba, kuma ribar da yake hange daga aljihun wanda zai zo bayansa za ta fito. A gari irin namu, wanda zai zo bayan nan ba baƙo ba ne. Ƙanin abokinmu ne da ya sayar da wayarsa, ko ƙanwarmu da ta kwashi adashenta saboda ta ga mun saka hoton riba. Kafin mu tura irin wannan saƙo, ya kamata kowa ya tambayi kansa ko zai yarda ya riƙe abin shekara guda in babu wanda zai sayar wa gobe. In amsar a'a ce, to tayin da yake yi a gaban mutane ba nasa ba ne.